Tsohon Injin Wanki Mai Ƙofa a Gaba: Gane Shi, Gyaransa da Riƙonsa

A cikin kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake bajewa a kasuwar Katako ta Yamai da bakin manyan tituna a Maraɗi da Damagaram, akwai wani farin akwati mai zagayayyar ƙofar gilashi a gaba wanda mutane kan tsaya su leƙa cikinsa, su tambayi kuɗinsa, sa'annan su wuce. Wannan shi ne injin wanki mai ƙofa a gaba. Masu wucewar suna da hujja, domin kusan kowace unguwa akwai gidan da aka sayi irinsa, ya yi wanki na ƴan makonni, daga nan ya koma teburin ɗora kwanuka a tsakar gida. Amma kuma akwai gidajen da injin da aka ƙera tun kafin a haifi uwar gidan yake wanke kayan yara har yau. Bambancin gidajen biyu yakan faro tun daga ranar saye, sauran kuma ya rataya a kan ruwa da wuta da hannun wanda ya kafa injin.

Kafin a shiga batun gyara, ya kamata mai karatu ya san daga ina wannan na'ura ta fito. Kamfanin Bendix na Amurka ne ya fara fito da injin wanki mai ƙofa a gaba mai sarrafa kansa a shekarar 1937. Na farkon ba shi da abin da zai shanye girgiza, saboda haka sai an ɗaure shi da ƙusoshi a jikin daɓe, in ba haka ba sai ya kama tafiya a ɗaki idan ya zo matse kaya. Amurkawa ba su riƙe wannan tsari ba, suka karkata ga inji mai murfi a sama. Turawan Turai ne suka rungume shi, saboda gidajensu ƙanana ne, ruwa da wuta kuma da tsada. A Jamus kamfanin Constructa ya fito da nasa a 1951, a Ingila kuma Hoover ya fito da samfurin Keymatic a 1961, wanda ake zaɓar irin wankin da ake so ta hanyar cusa masa wani ɗan faifai mai tsage-tsage. Italiyawa, wato su Candy da Zanussi da Indesit, su ne suka sa injin ya yi araha har ya shiga gidan ma'aikaci. Dalili ke nan da ya sa kusan duk tsohon inji mai ƙofa a gaba da ya iso nan za a tarar ɗan Jamus ne, ko ɗan Italiya, ko na Faransa da Ingila.

Na Faransa na da wani abin lura. Faransawa da yawa suna son siririn inji wanda ake buɗewa ta sama, irin na Brandt da Vedette da Thomson. Kada murfin ya ruɗi mai saye. Idan aka buɗe za a ga gangar a kwance take, tana da ƴan ƙofofi biyu a jikinta, kuma juyawarta iri ɗaya ce da ta mai ƙofa a gaba. Kusan duk abin da za a faɗa a nan ya shafe shi.

Takardar haihuwar inji

Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban inji ba ya wadatarwa, domin kamfanonin sun sha sayen juna. Electrolux na Suwidin ya sayi Zanussi a 1984, ya ƙara da sashen kayan gida na AEG a 1994. Bosch da Siemens sun haɗe sashensu na kayan gida tun 1967. Brandt ya koma hannun kamfanin Cevital na Aljeriya a 2014, Candy kuma ya koma hannun Haier na ƙasar Sin a 2019. Amfanin sanin wannan ga mai gyara shi ne, inji biyu masu suna dabam suna iya zama uwa ɗaya uba ɗaya a ciki, kayan wannan ya shiga wancan.

Abin da ake nema shi ne ƴar takardar da aka manna ko ɗan faifan ƙarfen da aka kafe a jikin injin. Yawanci tana bakin ƙofa daga ciki, ko a bayan ƙaramin murfin da ke ƙasa, ko a bayan injin. A nan aka rubuta lambar samfuri da ƙarfin wutar da yake ci. A injin Bosch da Siemens akwai lamba mai suna E-Nr, ita ce ake neman kayan gyara da ita, sa'annan akwai wata mai suna FD. Idan aka ƙara 20 a kan alƙaluma biyu na farkon FD, an sami shekarar ƙira, biyun da ke biye kuma wata ne. FD 7105 yana nufin watan Mayu na 1991, FD 8503 kuma watan Maris na 2005. A gidan Electrolux, wato har da Zanussi da AEG na baya-baya da Arthur Martin, lambar samfurin injin wanki takan fara da 914.

Ko babu waɗannan lambobi, akwai alamun da ke tona shekarun inji. Wanda aka rubuta masa W. Germany an ƙera shi kafin haɗewar Jamus a 1990. Alamar CE ta bazu ne a tsakiyar shekarun 1990. Hoton kwandon shara mai ƙafafu da aka soke da gicciye ya zama tilas daga 2005. Idan mai sayarwa ya rantse cewa injin bai wuce shekara biyar ba, alhali babu hoton kwandon nan a jikinsa, to an san inda maganar ta kwana.

A duba layin wuta da kyau. Abin da ya dace da mu shi ne 220 zuwa 240 V da 50 Hz. Wanda aka rubuta wa 120 V da 60 Hz na Amurka ne, a bar shi inda aka gan shi, ko da kyauta ne. Wasu tsofaffin injunan Jamus kuma an yi su ne don wuta mai layi uku ta 380 V, wadda yawancin gidajenmu ba su da ita. Na Ingila na da yana zuwa da bakin tiyo biyu a baya, ɗaya na ruwan zafi ɗaya na sanyi, kuma sai an haɗa su duka biyun da famfo kafin wasu shirye-shiryensa su yi aiki.

Rubutun gaban inji ma yakan hana mutane amfani da shi yadda ya kamata, musamman na Jamusanci, har a tarar gida ya shekara yana wanki da shiri ɗaya tak saboda shi kaɗai aka gane. Kalmomin da ake bukata ba su da yawa. Koch ko Buntwäsche na kayan auduga ne, Pflegeleicht na yadin roba-roba, Wolle na ulu. Spülen ɗauraya ce, Schleudern matsewa, Abpumpen kuma zubar da ruwa. Masu Faransanci sun san su da rinçage da essorage da vidange.

Mai agogo da mai kati

Babban abin da ya raba tsofaffin injuna gida biyu shi ne ƙwaƙwalwarsu. Na da can, har zuwa cikin shekarun 1990, suna da agogo: wani babban maɓalli da ake murɗawa yana ƙas-ƙas, a bayansa akwai ƙaramin mota da ke juya jerin fayafai, su kuma suna haɗa wayoyi suna rabawa. Na baya suna da katin lantarki da ƴan fitilu ko allon lambobi. A Turai ana ganin mai kati ci gaba ne. A garin da wuta ke hawa da sauka, tana ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, mai agogo ya fi kwanciyar hankali. Idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar wanki, sai ya tsaya inda yake, ta dawo ya ci gaba. Idan ya lalace, ana buɗe shi a ga wurin da ya ƙone da ido. Kati kuwa idan ya ƙone, sau da yawa sai an samo wani daga jikin ɗan uwansa.

Abu na biyu shi ne tukunyar da gangar ke juyawa a cikinta. A tsofaffin injuna ta ƙarfe ce, ko dai wanda ba ya tsatsa ko mai fenti irin na kwanon samira, ko kuma ta filastik mai ɓari biyu da aka ɗaure da ƙusoshi. Duk waɗannan ana kwance su. Daga shekarun 2000 kamfanoni da dama suka koma liƙe tukunyar filastik ɗin gaba ɗaya, ta yadda idan rulma ta mutu, wato abin da a Kano ake kira boris, sai dai a sayi tukunya da ganga sabuwa ko a yanka ta da zarto a sake liƙewa, aikin da ba kullum yake riƙe ruwa ba. A nan ne tsohon inji ya yi wa sabo fintinkau. Na Miele, kamfanin da aka kafa a Jamus a 1899, ya yi suna da nauyi, domin maimakon dunƙulen siminti da sauran ke ɗaura wa tukunya don ta zauna, shi ƙarfen zubi yake sa wa. Yakan kusan kilo 100, kuma ƙarti biyu sai sun yi nishi kafin su ɗaga shi.

Sai dai tsufa ma na da kuɗinsa. Injin shekarun 1970 da 1980 yakan sha fiye da lita 100 na ruwa a wanki ɗaya, alhali na zamani yana tsayawa wajen lita 50. Kayan da yake ɗauka bai wuce kilo 4 da rabi zuwa 5 ba. Gidan da ke sayen ruwa a hannun ƴan garuwa ya yi wannan lissafi tun kafin ya kai hannu aljihu.

A wurin saye

Injin da ya iso nan ya sha hanya. Bayan jirgin ruwa, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1000 a bayan babbar mota daga tashar Kwatano, ko daga Lome ta Burkina Faso, hanyar da kaya da yawa suka koma bi bayan rufe iyakar Gaya a 2023. Sabon inji yana zuwa da wasu dogayen ƙusoshi uku ko huɗu a baya da ke riƙe tukunya kada ta yi lilo a hanya. Na hannu ba kasafai yake zuwa da su ba, saboda haka tukunyar ta yi ta dukan jikin akwatin tun daga bakin teku. A dokar Tarayyar Turai ta 2012, wanda zai fitar da tsofaffin kayan lantarki sai ya nuna shaidar cewa an gwada su suna aiki, kuma ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana shigo da shara mai guba. Duk da haka matattun injuna na shigowa a cakuɗe da masu rai, don haka gwaji ya rage ga mai saye.

A fara da hannu kafin a kai ga wuta. A buɗe ƙofa a juya ganga. Mai lafiya tana juyawa shiru. Idan aka ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, rulma ta tafi. Sa'annan a kama leɓen gangar daga sama a ɗaga ta a sauke. Ya kamata ta motsa tare da tukunyar gaba ɗaya. Idan ita kaɗai ke kaɗawa, ko dai rulma ce, ko kuma abin da ya fi muni: ƙarfe mai ƙafa uku da ke riƙe gangar daga baya ya ruɓe. Da alminiyom ake yin sa, sabulu da danshi na cin sa a hankali har ya karye, kuma walda ba ta cika riƙe shi ba. Injin da wannan ƙarfe nasa ya karye, sai dai a saye shi don a ciri kayan jikinsa.

A nemi mai kaya ya buɗe murfin baya. Idan aka ga jan layin tsatsa ya gangaro daga tsakiyar babbar ƙafar da bel ke zagayawa, ruwa ya daɗe yana ratsa robar da ke kare rulma. A danna tukunya ƙasa a sake ta: idan ta yi ta rawa kamar motar da amotisar ɗinta ya mutu, to nata ma sun mutu, amma wannan gyara ne mai sauƙi. A bi robar ƙofa da yatsa a cikin ninkinta, a nemi tsaga. A sunsuna wajen agogo ko kati, ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya.

Bayan haka a dage sai an haɗa shi da wuta da ruwa. Kunna fitila kawai ba gwaji ba ne. A ga ya sha ruwa ya tsaya da kansa, ya juya dama da hagu, ya zubar, ya matse da gudu. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Ruwa da wuta

Yawancin injunan da aka ce sun lalace a gidajenmu lafiyarsu lau, kafa su ne ba a yi daidai ba. Mafi yawan kuskure yana wajen tiyon zubar da ruwa. Mutum ya ga akwai rariya a tsakar gida, sai ya shimfiɗa tiyon a ƙasa. Ruwa na shiga ta sama yana ficewa ta ƙasa, injin ya yi ta sha ba ya cika, a ce ya haukace. Dole bakin tiyon ya hau sama kamar santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa kafin ya gangara.

Na biyu shi ne ƙarfin ruwa. Bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya yana son matsi, kamfanoni da yawa suna neman wajen ba 1, wato daidai da tankin da ke sama da mita 10. Shaton da aka ɗora a kan ɗaki mai tsawon mita 3 bai kai sulusin haka ba. A nan ma mai agogo yakan yi haƙuri ya jira har ya cika, mai kati kuwa bayan ƴan mintoci sai ya nuna alamar kuskure ya tsaya. Maganin shi ne ƙaramin famfon ƙara matsi, ko a ɗaga tankin. A bakin bawul ɗin akwai ƴar matata kamar hular yatsa, wadda yashi da tsatsar bututu ke toshewa. A zaro ta da filaya lokaci-lokaci a wanke, amma kada a jefar da ita don ruwa ya ƙara gudu, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana bawul rufewa, a wayi gari ɗaki ya zama tafki.

Maganar wuta ita ce wadda ta shafi rai. Injin wanki ƙarfe ne da ruwa da kuran a wuri ɗaya, mai amfani da shi kuma sau da yawa yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa, wasu kuma akan yanke kan wayar injin a cusa tsirara biyu a soket. Ko lafiyayyen inji idan babu wayar ƙasa yakan ɗan ja mutum, saboda wata ƴar na'urar tace wuta da ke haɗe da jikinsa. Ranar da abin dumama ruwa ya tsage kuwa, jan ba na wasa ba ne. A sa mai aikin lantarki ya kafa ƙarfe a ƙasa ya haɗa wa injin, a kuma sa masa makashin wuta mai lura da yoyo na 30 mA. Duk wanda zai taɓa cikin inji ya zare waya daga bango tukuna, kashe maɓalli bai isa ba.

Abin dumama ruwa shi ne mai cin wuta, wajen wat 2000, wasu tsofaffin na Jamus ma sun fi haka. Motar kanta ba ta ci sosai. Don haka ƙaramin regilatar na firigo ko ƙaramin gurup ba za su ɗauke shi ba idan ana wankin zafi. A ƙasar da ruwan tanki ke fitowa da ɗumi tun hantsi a watan Afrilu, yawancin wanki ba ya bukatar dumamawa. Sai dai a yi hattara da dabarar da wasu ke yi ta cire wayar abin dumamar gaba ɗaya. Injuna masu agogo da yawa an tsara su su tsaya su jira ruwa ya kai zafin da aka zaɓa, idan babu mai dumamawa za su yi ta juyawa a wuri ɗaya har dare. A murɗa maɓallin zafi zuwa sanyi, ya wadatar.

Cututtukan da aka saba gani

Idan inji ya sha ruwa, ya zubar, amma ganga ba ta juyawa, a fara duba bel. Idan yana nan daram, a duba irin motar. Mai burushi tana da wasu ƴan sandunan gawayi guda biyu, waɗanda masu gyara a nan ke kira sharbo, suna gugar abin da ke juyawa har su cinye. Idan sun rage ƙasa da santimita 1, a sauya su duka biyun. Wannan gyara na cikin mafi araha, kuma injuna da yawa an yar da su a Turai saboda shi kaɗai. Tsofaffin na Italiya masu matsewa a hankali suna da wata irin mota marar burushi, mai aiki da kondansa. Alamar mutuwar kondansa ita ce motar ta yi ta gunji ba ta tashi. A sauya shi da mai lamba iri ɗaya, a kuma sani yana iya riƙe wuta bayan an zare waya. Na injunan da suka girmi tsakiyar shekarun 1980 wasu na ɗauke da wani mai mai guba da ake kira PCB, kada a fasa su, kada a bar yara su yi wasa da su.

Idan ruwa ya ƙi fita, inji kuma ya ƙi matsewa, a tafi ƙaramin murfin da ke ƙasa. A ajiye faranti mai faɗi, a kwance matatar a hankali. Abin da ake samu a ciki tarihin aljihun gidan ne: ƴan dala, maɓallai, fil na ɗan kwali, ƙwallon dabino, guntun asuwaki, da yashi. Yashin nan shi ne babban abokin gabar inji a ƙasarmu, yana cin famfo yana cin roba. Kayan yara da na gona a kakkaɓe su sosai kafin a zuba.

Inji na sanin ya cika ne ta wani siririn tiyo da ya tashi daga gindin tukunya zuwa wata zagayayyar na'ura a sama. Ruwa na hawa, iskar cikin tiyon na matsuwa, na'urar ta katse bawul. Idan dattin sabulu ya toshe tiyon, ko ɓera ya huda shi, sai injin ya sha ruwa har ya yi ambaliya, ko ya ƙi matsewa don yana zaton da sauran ruwa. Ɓeraye na son ƙasan inji saboda ɗumi da duhu, kyankyasai kuma na son kati. Ragar ƙarfe a ƙasan akwatin na rage wannan ɓarna.

Ƙofar da ta ƙi buɗewa da an gama wanki ba lalacewa ta yi ba, makullinta na jiran kamar minti 2 ya huce. Masu gaggawa ne ke karya hannun ƙofa, kuma hannun tsohon inji na cikin abubuwan da suka fi wuyar samu.

Sauya rulma shi ne babban aiki, yakan ci yini guda. Abin daɗin shi ne rulmar injin wanki ba ta musamman ba ce. Lambobinta su ne irin 6204 da 6205 da 6206 da 6305, waɗanda ake samu wajen masu kayan babur da injin niƙa da famfon ban ruwa. Abin da ke da wuya shi ne robar da ke tare ruwa a gabanta. A tafi da tsohuwar kasuwa a gwada, domin girmanta na rubuce a jikinta. Wanda ya sa sabuwar rulma ya mai da tsohuwar roba zai sake buɗe injin kafin shekara ta zagayo. Idan sandar gangar ta yi zaizaya a inda robar ke zama, sai an kai ta wajen mai injin sassaƙa ƙarfe ya gyara wurin.

Riƙon yau da kullum

Garin sabulun da aka saba wankin hannu da shi an yi shi ne don ya yi kumfa, mu kuma mun ɗauka kumfa ita ce tsabta. Inji mai ƙofa a gaba yana wanki ne ta ɗaga kaya ya sako su, kamar yadda ake buga wanki a kan dutse, kumfa kuwa na hana kayan faɗuwa da ƙarfi, tana ruɗa na'urar auna ruwa, tana kuma malalowa ta aljihun sabulu ta sauka kan wayoyi. A nemi wanda aka rubuta na inji ne. In babu, a rage na hannun ƙwarai. Jabel mai yawa na busar da roba.

Kada a danƙara kaya, a bar wurin da tafin hannu zai shiga a tsaye a saman su. Bargo ɗaya shi kaɗai ma matsala ne, domin yana dunƙulewa gefe guda injin ya kama tsalle. Shadda mai maiƙo da gezna da manyan riguna masu aiki ba na inji ba ne, ƙyallinsu zai tafi, a bar wa masu wanki da bugu sana'arsu. Rinannen yadi mai zuba kuma a ware shi.

Injin ya zauna a kan daɓe mai ƙarfi, a daidaita ƙafafunsa huɗu har ya daina girgiɗi, a inuwa, domin rana na cinye roba da filastik. Lokacin hunturu a rufe shi da zane idan ba ya aiki, a yaye idan za a kunna. Bayan kowane wanki a goge ninkin robar ƙofa, a bar ƙofar a ɗan buɗe ta sha iska, a kuma rufe kan famfo. Gidan da ke da ƙananan yara ya lura, ganga wuri ne da yaro zai so ya ɓuya, kuma ba ta buɗuwa daga ciki. Inda ruwan foraj ke barin farin ɓawo a jikin buta, haka yake bari a jikin abin dumama ruwa har ya ƙone shi. Wankin zafi na digiri 60 ba tare da kaya ba, da garin tsamin lemo a ciki, sau biyu ko uku a shekara, na narkar da ɓawon ya kuma kashe warin da wankin sanyi ke tarawa.

Saura batun kayan gyara. Tun daga watan Maris na 2021 dokar Turai ta tilasta wa kamfanoni su ajiye kayan gyaran injin wanki na tsawon shekara 10, amma dokar ta shafi sababbin samfura ne, injin 1995 ba ya ciki. Famfon zubar da ruwa da bawul da abin dumamawa da bel ba su da wuya, domin kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera wa kowa, na wannan yakan hau wancan da ƴar dabara. Agogo da kati da robar ƙofa da hannun ƙofa su ne sai na samfurin. Saboda haka wanda ya sami tsohon inji mai kyau, ya ɗauki hoton takardar lambobinsa a waya tun kafin ta goge, ya bar wa masu sayar da kayan hannu lambar. Idan aka sauke mataccen ɗan uwansa, ko da mai karyayyar ganga ne, a saye shi da araha, a cire agogo da mota da ƙofa da robarta a adana a kwali inda rana da ɓera ba sa kaiwa, gangar kuma a ba maƙera, suna yin murhun gasa nama da ita.